Biyu Bisa Biyar

Na fara aiki a wata kwalejin horon malamai a Mubi, zamanin jihar Gongola, a shekarun da gwamnati ta buɗe firamare ga kowane yaro. Azuzuwa suka yi ta tsirowa a ƙauyuka, wasu da rufin kwano, wasu da zana, wasu kuwa inuwar ɗorawa ce kawai da allo a jingine. Kowane aji yana jiran malami, mu kuma aka ce mu samar da su da gaggawa. Don haka ɗalibanmu suka zama haɗin gambiza: samarin da suka bar firamare jiya-jiya, magidantan da suka jingine fartanya suka zo, da matan aure daga duwatsun Michika da na Mubi, wasunsu sun bar goyo a gidan 'yan'uwa cikin gari.

Ni saurayi ne a lokacin, sabon fitowa daga karatu. Ina haya a ɗaki guda a unguwar Lokuwa, ina da tsohon babur da sai an tura shi yake tashi. Aka ba ni darasin dabarun koyar da lissafi da kimiyya, wato in nuna wa malaman gobe yadda za su sa ƙaramin yaro ya gane abu, ba ya haddace shi kawai ba. Ina son aikin ƙwarai. Ɗakin gwaje-gwajen kwalejin kullum a kulle yake, mabuɗin yana aljihun wanda ba a cika ganinsa ba, sai na koma tara kayana da kaina: murafun kwalba, gwangwanayen madara, karan dawa, igiya, fasasshen madubi. Ɗalibaina suna shuka wake a gwangwani, su ajiye ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado su ga bambanci. Suna ƙirga goma-goma da ɗaurin tsinke. Ina ji da kaina sosai a kan wannan, har ina ganin babu mai aiki a kwalejin kamata.

Amma ni dabara kawai nake koyarwa. Ainihin lissafin da za su je su koyar yana hannun wani babba a cikinmu, wanda malamai da ɗalibai duk muke kira Oga. Dattijo ne mai jiki, mai tsafta, kullum cikin kwat safari da gogaggen takalmi, ga fara'a ga kyauta. Ya daɗe a kwalejin tun kafin a kawo firinsifal ɗin da na tarar. Yana da a-kori-kura mai jigilar sabulu da sukari da fulawa zuwa Belel, bakin iyaka, kuma rabin hankalinsa yana can.

Yadda yake darasi ba ɓoyayye ba ne. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya bari a hannun monitan aji. In lokacin lissafi ya yi, monita ya tsaya gaban allo ya kwafe shafi biyu ko uku, sauran su kwafa daga allo. Oga yakan leƙo, ya yi barkwanci a yi dariya, ya tambaya ko akwai wanda bai gane ba, a yi shiru, ya fita. Na san da wannan tun watana na farko, amma ban taɓa buɗe littafin ba. Na ɗauka ba hurumina ba ne. Kuma ina jin nauyinsa, don shi ya yi mini hanyar ɗakin da nake ciki.

Da zangon gwajin koyarwa ya zo, aka rarraba 'yan ajin ƙarshe zuwa makarantun firamare, mu kuma aka raba mana su mu bi mu duba mu ba da maki. Ni aka ba ni waɗanda ke ƙauyukan wajen Bahuli. Damina ta ja baya, gyaɗa ta kusa isa cira, mayo, wato rafin da ke kan hanya, ya janye har ana iya tura babur a cikinsa.

Wanda na fara dubawa wani dogon saurayi ne, ɗaya daga cikin waɗanda nake alfahari da su. Aji biyar aka ba shi. Yara suna zaune a kan dakalin ƙasa, yawancinsu yaren Fali suke ji a gida, Hausa a kasuwa, Turanci kuwa sai daga bakin malami. Na zauna a baya da takardar maki a kan cinya. Ya gabatar da darasi da kyau, ya yi tambayoyi, ya rubuta a allo da rubutu mai kyau: ɗaya bisa biyu, a tara da ɗaya bisa uku.

Sai ya ce, "Na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ɗaya da ɗaya?"

Yara suka ce, "Biyu!"

"Biyu da uku?"

"Biyar!"

"Amsa ita ce biyu bisa biyar. Ku tafa wa kanku."

Suka tafa. Na zaci tsorona ne ya ruɗa shi, zai juyo ya gyara. Bai gyara ba. Ya ba da misali na biyu da na uku a kan wannan hanya, ya ba su aiki, ya zagaya yana duba na kowa, yana sa musu maki da jan biro, yana yaba wa masu ƙoƙari. Duk dabarar da na koya masa ya yi amfani da ita, ya kuma yi ta da kyau, wajen dasa wa yara ƙarya a kai.

Da aka tashi na ja shi gindin itace. Na ce, "Ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Sa, haka yake a littafi." Ya buɗe littafinsa na kwaleji ya nuna mini. Ga shi nan kuwa, har da ja masa layi.

Na ce, "In kana da rabin rake, aka ƙara maka sulusinsa, abin da ke hannunka zai ƙaru ko zai ragu?"

"Zai ƙaru, Sa."

"To biyu bisa biyar ta kai rabi?"

Ya motsa yatsu yana lissafi. Can ya ce, "Ba ta kai ba." Sannan ya ɗago kai ya ce da ni cikin ladabi, "Amma Sa, wannan rake ne, wancan kuma lissafi ne."

Washegari na je wata makarantar, na tarar da wani ɗalibin namu yana yin daidai abin da na gani jiya, har da kalmomin, na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na fito ban iya cin abincin da hedimasta ya sa aka kawo mini ba.

Rana ta uku na je wurin wata ɗalibarmu da muke kira Madam, don ta girme mu duka, har ni. 'Yar ƙabilar Kamwe ce, matar wani manomi mai wa'azi a cocin ƙauyensu, tana da 'ya'ya uku. Ba ta da yawan magana a aji, Turancinta kuma yana ba ta wahala, saboda haka ban taɓa sa ta cikin masu ƙoƙari ba. Da na shiga ajinta na ga tasa da buhun yashi a bayan ƙofa, amma ba ta taɓa su ba. Ta rubuta rabi da sulusi a allo, ta tsaya, ta waiwayo ta dube ni, sannan ta rubuta biyu bisa biyar.

Yaran nan ba su tafa ba. Suka yi ta duban juna. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, ai jiya..." Madam ta daka mata tsawa ta ce ta sauke hannu. Haka aka gama darasin, kowa a takure.

A waje na tambaye ta abin da yarinyar ke son faɗa. Ta yi ta murza gefen zaninta. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, komai namiji ne a bakinta.

Ta ce, "Malam, ni na san ba haka ba ne. Kafin na zo makaranta na yi shekaru ina awon gyaɗa a kasuwa. Tasa ya kai rabi, ka ƙara masa sulusi, sai ya koma ƙasa da rabi? Gyaɗa ya gudu ina? Jiya na auna musu da yashi. Tasa ya kusa cika, saura kaɗan. Muka raba shi shida, muka ga biyar ne."

Na ce, "To Madam, me ya sa yau kika rubuta ƙarya?"

Ta ce, "Yau kai ya zo."

"Ni?"

"Kai malamin kwaleji ne. Abin da kwaleji ya ba mu shi ke cikin littafi. In na rubuta wani abu dabam ka kayar da ni, in koma gida in ce wa maigida me? Ya sayar da akuya ya kawo ni."

Matar nan ta fi kowa a ajin sanin abin da take yi, kuma ganina ne ya sa ta ɓoye shi. Ba ta raba ni da baƙin littafin ba, a wurinta duk kwaleji ce. Da na yi tunani a kan hanya, na ga ba ta yi kuskure ba.

Da na dawo gari na nemi monitan ajin, wani magidanci mai sanyin hali, na karɓi littafin. Na zauna a ofishin malamai bayan an tashi na bi shi shafi-shafi. Farkonsa lafiya lau. Daga wajen tsakiya sai abin ya fara lalacewa. Bayan kuskuren tara ɓangarori, akwai inda aka ce sifili ɗigo ɗaya biyar ya fi sifili ɗigo tara yawa, don sha biyar ta fi tara. Akwai inda aka haɗa kewayen fili da faɗinsa aka mai da su abu ɗaya. Rubutun kuma ba na Oga ba ne.

Monita ya ce, "Ai Sa, wannan ba shi ne na asali ba. Mun ji daga waɗanda suka gabace mu cewa gara ta cinye tsakiyar na farkon a lokacin hutu. Monitan wancan lokacin ya ji tsoron faɗa wa Oga, sai ya sayi sabo ya kwafe, inda gara ta ci ya cike da abin da ya tuna."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce shi dai bai sani ba, amma yayansa da ya gama kafin shi ya shigo, irin wannan littafin ya bar masa.

Ranar Asabar da safe na tafi gidan Oga. Na same shi a ƙofar gida, yana tsaye ana loda wa motarsa katan-katan na sabulu. Ya karɓe ni da murna, ya sa aka kawo kujera da kunu. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, rabi da sulusi nawa ne?"

Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Biyar bisa shida. Jarrabawa ka zo yi mini da sassafe?"

Na buɗe littafin na miƙa masa. Ya sa tabarau ya duba. Na tsaya ina jiran in ga fuskarsa ta canza. Sai ya fashe da dariya, har yana dukan cinya. Ya kira direbansa ya ce, "Zo ka ga aikin 'yan boko." Direba ya leƙa ya yi murmushin wanda bai san abin da ake wa dariya ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne ɗalibanmu ke koya wa yara. Na gani da idona a makarantu uku."

Ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, zauna ka sha kununka. Yaran da ka gani can, ina za su? Da an cire gyaɗa rabinsu ba za su dawo aji ba. Matan a yi musu aure, mazan su bi shanu ko su tsallaka Kamaru. Wa zai tare su a hanya ya tambaye su rabi da sulusi? Gwamnati ta ce a cika azuzuwa da malamai, mun cika. Kai kuma da gwangwanayenka kana nema ka mai da su likitoci."

Da a ce bai iya lissafin ba ne, da na ji tausayinsa. Amma ya iya, ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Rabin yini ya ishe shi ya gyara littafin nan daga farko har ƙarshe. Bai ga yaran sun cancanci rabin yininsa ba ne kawai. Na dubi kunun da ke hannuna. Na ajiye kofin a ƙasa na yi sallama. Har na tura babur ina jin yana ce wa masu lodi su yi hankali da katan ɗin ƙasa.

Ranar Litinin na shiga wurin firinsifal. Mutum ne mai son zaman lafiya, ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya ce lallai abin ba daɗi. Sannan ya tashi ya rufe ƙofa ya ce, "Malam, masu duba gwajin koyarwa suna zuwa daga Yola kwanan nan. In maganar nan ta fita, ba shi kaɗai zai ji kunya ba, har da ni, har da kai. Kuma mutumin nan sa'an babanka ne. Ka gyara abin da za ka iya gyarawa a hankali, ba tare da ka ambaci kowa ba."

Na ce, "A karɓe littafin mana, Yallaɓai."

Ya ce, "Littafinsa ne. Da wane baki zan karɓa?"

Kafin mako ya ƙare labari ya zagaya ofishin malamai, amma ba yadda na zata ba. Abin da aka ji shi ne sabon malami ya je gidan dattijo da sassafe ya yi masa jarrabawa a gaban direbansa. In na shigo sai wani ya ce, "Ga Malam Sulusi nan," a yi dariya. Cikin masu dariyar har da waɗanda 'ya'yansu ke firamare a cikin gari, wurin malaman da muka yaye.

Da ɗalibai suka dawo daga ƙauyuka na kira su darasin Asabar da safe a gindin wani mangwaro. Na kawo tasa da yashi, na kawo karan dawa muka yanka gida shida-shida. Na sa Madam ta fito gaba ta auna musu kamar yadda ta yi wa yaranta. Da farko tana jin kunya, amma da hannunta ya shiga yashi sai ta saki jiki. Na ga manyan mutane masu gemu suna leƙen tasa suna cewa, "Kai! Ashe haka ne." Wani magidanci ya ce shi da ma abin bai taɓa kwanta masa ba, amma ya ɗauka lissafin Turawa haka yake, ba dole ya yi kama da na duniya ba. Asabar uku muka yi haka, kuma su ne ranakun da na fi jin daɗinsu a duk shekarar.

A Asabar ta huɗu, jarrabawar kwaleji ta matso. Dogon saurayin nan ya ɗaga hannu ya ce, "Sa, a jarrabawar Oga wanne za mu rubuta?"

Na ce ai Oga ya san amsar gaskiya. Sai monita ya ce, "Sa, ba shi yake makin ba. Akawun sashe yake ba takardun, da amsoshin da aka ciro daga littafi. Abin da bai yi daidai da su ba, kurus ake sa masa."

Duk suka zuba mini ido. Na san abin da ya kamata in ce. Ya kamata in ce su rubuta gaskiya, ni zan tsaya musu, in an kayar da su in ɗauki takardun in kai Yola da kaina. Amma na tuna ƙofar da firinsifal ya rufe, na tuna ba a ma tabbatar da ni a aiki ba tukuna. Na ji bakina yana cewa, "A jarrabawa ku rubuta abin da ke littafi. In kun je gaban yara ku koya musu na gaskiya."

Aka yi ajiyar zuciya, wasu har da godiya. Madam tana tattara yashi cikin buhu, ba ta ɗago ba ta ce, "Ai Malam, haka nake yi tun da, kai ya ce mini ƙarya ne."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma ba wanda ya yi dariya. Na sallame su. Asabar ta gaba mutum kaɗan suka zo, ta bayanta kuwa ni ma ban je ba.

Masu dubawa suka zo daga Yola a mota mai tambarin gwamnati. Aka kai su makarantu biyu na cikin gari, inda aka riga aka zaɓi ɗalibai aka zaɓi darussa, ɗaya waƙar Turanci, ɗaya sassan jikin mutum. Suka dawo aka ci shinkafa da kaji a ofishin firinsifal, Oga yana ba da labarin hanyar Belel ana ƙyaƙyatawa. Ɗaya daga cikin masu dubawar ya ga gwangwanayen wake a tagar ajina ya ce abin sha'awa, a ci gaba da haka. Da la'asar aka kawo takardun maki mu sa hannu. Na ga sunan dogon saurayi da maki mai kyau, na ga na wanda na duba rana ta biyu, wanda bai zo darasin Asabar ko sau ɗaya ba. Na ga na Madam a can ƙasa, ta tsallake da ƙyar saboda Turanci. Na sa hannu a duka. Biro ɗin ma na Oga ne, shi ya miƙo mini da ya ga ina laluben aljihu.

Shekarar da ta biyo baya aka yi wa Oga ƙarin girma aka mai da shi ofishin ilimi. Aka yi masa liyafa, aka yi jawabai a kan yawan malaman da suka bi ta hannunsa. Darasinsa ya dawo wurina. Na koyar da shi da kaina, aji-aji, na hana kwafe daga allo sai an auna an gani. Ba zan ce duk sun gane ba, amma waɗanda suka fita daga hannuna a wannan shekara ba su fita da waccan ƙaryar ba. Madam kuwa an tura ta can wajen duwatsunsu, ban sake ganinta ba.

Bayan an tura sababbin malaman nawa aiki, wata rana da rana tsaka ɗayansu ya zo ɗakina a Lokuwa, ƙafarsa duk ƙura. Makarantar da aka kai shi tana kan hanyar Maiha. Ya fito da littafin shirin darasinsa ya buɗe mini. Ya rubuta biyar bisa shida, hedimasta ya soke da jan biro ya rubuta biyu bisa biyar a sama, ya ƙara da gargaɗi a gefe cewa malami ya riƙa duba aikinsa kafin ya shiga aji.

Ya ce, "Sa, na yi masa bayani, ya ce shi ma kwalejin nan ya yi, kuma ya riga ni."

Ranar Laraba na hau babur na tafi. Hedimastan bai wuce sa'ana ba, mutum ne mai himma, makarantarsa a share, yara a layi. Ya karɓe ni da girmamawa. Da na kawo maganar ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da littafinsa na kwaleji, an yi masa bango da takardar siminti, ko kunne ɗaya bai lanƙwashe ba. Ya ce tun da ya fara aiki da shi yake duba shirin darasin malamansa, kuma kowane sabon malami sai ya ba shi ya kwafa.

Ban yi gardama da shi ba. Na roƙi a samo mini karan dawa guda uku masu tsawo ɗaya. Muka rufe ƙofar ofis, mu biyu kawai. Na ba shi wuƙa ya yanka ɗaya gida biyu, ɗaya gida uku, na ukun ya yi masa alama gida shida. Ya jera rabi da sulusi a gefen mai alamar, ya ƙirga da yatsa. Ya sake ƙirgawa. Ya zauna a kujera yana kallon littafin a kan tebur.

Can ya ce, "Yaran da na fara koyarwa, wasunsu suna kwalejinku yanzu."

Na ce na sani.

Ya ce, "Malam, don Allah kada maganar nan ta kai ofishin ilimi. Za su ce ni ne ban iya aiki ba."

Na ce ba za ta kai ba, kuma ko ta kai babu abin da zai faru, don na san wanda ke zaune a ofishin. Na roƙe shi abu ɗaya, ya tara malamansa ya yanka musu kara kamar yadda ya yanka yanzu. Ya ce zai yi, amma sai bayan hutu, kuma zai ce sabon tsari ne ya zo daga Yola, don kada su raina shi. Na ce ya faɗi duk abin da ya ga dama.

Ya raka ni har bakin hanya, ya taya ni tura babur. Akwai wasu makarantun biyu a kan hanyata ta komawa Mubi, ina jin muryar yara suna amsa wa malami daga cikin azuzuwa. Na rage gudu a ta farko, sannan na wuce ban tsaya ba.